Amsa: tsohon Turancin littafin masu barin giya

Ɗan'uwa, ka ce kana karanta littafin ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato ƙungiyar masu taimakon juna wajen barin giya, amma kalmominsa suna yi maka nauyi. Ba laifinka ba ne. A 1939 aka fara buga shi a Amurka, Bill Wilson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, shi ne ya rubuta mafi yawansa, kuma har bugu na huɗu a 2001 ba a taɓa shafuka 164 na farko sosai ba. Turancin kakanni ne. Shi ya sa za ka ga babi guda ga matan aure, kamar namiji kaɗai ke shaye-shaye.

Shawarata: ka nemi bugun da suka sauƙaƙa a 2024. Kuma kada ka karanta kai kaɗai. Zauna da wanda ya daɗe da barin giya, ku bi shi shafi-shafi, ka tambaye shi duk inda ka tsaya.