Wiski, ram da tekila: ina bambancin?

Malam, ka tambaya ko nau'o'in barasa ukun nan abu ɗaya ne, suna kawai ya bambanta. A'a, tun daga gona suka rabu. Wiskin Sikotland da hatsi ake yi, musamman sha'ir, kuma doka ta ce sai ya shekara 3 a gangar katako. Garau yake shiga kamar ruwa, katakon ne ke ba shi launi. Ram daga rake yake. Tekila kuwa daga tsiron agabe na Meziko.

Masu ɗanɗano hanci suke fara kaiwa, a hankali, don ƙarfin barasar, kashi 40, yana yaji. Sai su ɗiga ruwa kaɗan, ƙamshin ya tashi. Ƙanƙara kam, a ganina, danne shi take yi.