Tambaya da Amsa: Ƙafafuna Suna Mutuwa a Kilomita 18

Tambaya: Malam, barka da aiki. Shekaruna 31, na yi rajistar gudun fanfalaki, saura wata huɗu. Kilomita 10 ina cinye ta a minti 50, kuma kullum ƙoƙarina in rage lokacin. Amma duk ranar da na ɗauki dogon zango, ina kaiwa kilomita 18 sai ƙafafuna su yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse, gwiwar dama ta fara zogi. Ko dai jikina ne bai dace da wannan harka ba?

Amsa: Ƙanena, jikinka lafiya lau. Laifin yana cikin kalma ɗaya da ka rubuto, wato "kullum". Ka mai da kowane atisaye gasa, ai dole ƙafa ta yi maka yaji.

Fanfalaki kilomita 42.195 ne, tsawon da aka yi a Gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka tabbatar da shi a 1921. Kelvin Kiptum na Kenya ya gama shi cikin 2:00:35 a Chicago a 2023, amma su ma irinsu yawancin kilomitocin atisayensu a natse suke yin su. Ni kaina na yi shekara biyu ina irin gaggawarka kafin ciwon ƙwauri ya zaunar da ni wata guda, na koyi hankali.

Ga ma'aunin da nake ba kowa: idan ba za ka iya yi wa abokin gudunka magana jimla guda ba tare da haki ya katse ka ba, ka yi sauri da yawa. Kai da kake yin kilomita ɗaya a minti 5, ranar dogon zango ka koma minti 6 ko 6 da rabi. Za ka ji kamar sassarfa kake, har kunya ta kama ka. Ka daure. Dalili kuwa, sukarin da tsoka da hanta ke ajiyewa kaɗan ne, gudu da ƙarfi yana ƙone shi da wuri. Gudu a hankali shi ke koya wa jiki cin kitse a madadinsa. Shi ya sa masu gaggawa ke zubewa wajen kilomita 30.

Dogon zango sau ɗaya a mako ya isa. Fara daga kilomita 14, kana ƙara kilomita biyu duk mako, mako na huɗu ka ja baya ka huta. Kada ka wuce 32, kuma sati uku kafin gasa ka fara rage nisa. Gudun sauri kuwa, rana ɗaya tak.

Batun gwiwa ban ɗauke shi da wasa ba. Duba takalminka, idan ƙasansa ya lotse ka sauya. In zogin yana sa ka ɗingishi, ko ya kwana ya wuni bai lafa ba, ajiye gudu ka je likita ya duba ta kafin ka ƙara ko kilomita ɗaya.