An karɓi kuɗin beli a hannuna a caji ofis: ta yaya za a hana wannan?

Tambaya: Barista, an kama ƙanena saboda bashin naira 80,000 da wani ɗan kasuwa ke bin sa. Ya kwana uku a bayan kanta. A takardar belin an rubuta naira 200,000, sai wani mutum da ke zaune a bakin ofishin ya ce zai yi mana magana a rage. Muka ba shi 30,000 aka saki ƙanen nawa. Har yanzu raina bai kwanta ba. Haƙƙin hukuma na biya ko cin hanci na bayar? Kuma ta yaya za a hana 'yan sanda wannan ɗabi'a?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Cin hanci ka bayar, kuma tun daga tushe kamun ma ba ya kan ƙa'ida. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, wannan aikin kotu ne. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki kuma ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan babu, kwana biyu. Kwana ukun nan an yi su ne don ku gaji ku buɗe aljihu.

To, ga inda ake yanka mutane kullum, kuma abin na ci mini rai. Adadin da ka gani a takardar beli ba farashi ba ne. Alkawari ne. Ma'anarsa, kai mai tsayawa ka amince idan ƙanenka ya gudu bai dawo ranar da aka sa masa ba, za a iya bin ka wannan kuɗi. Ko a lokacin ma ba ɗan sanda ne zai karɓa ba, sai an kai maganar gaban alƙali ya ji uzurinka. Idan ya dawo, ko sisi ba ka biya. Saboda haka babu wani abu da za a "rage", don babu abin biya tun farko. Mutumin da ya ce ya sauko muku da shi daga 200,000 zuwa 30,000 ya sayar muku da iska ne, kuka yi masa godiya a kai.

Irin waɗannan 'yan kamashon kowa ya san su. Suna zaune a benci ƙarƙashin bishiya, wani da tsohuwar jaka a hammata, yana kiran kowane kofur da sunansa. Da ya ga mace ta fito da kwanon abinci tana share hawaye, sai ya taso: "Hajiya, ni da DPO ba ta ɓaci, kawo na goro." Ya ɗauki kasonsa, ya miƙa wa ɗan sanda mai bincike saura. Su ne kuma ke yaɗa cewa mace ba ta tsaya wa mutum beli, alhali Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta fito fili ta ce ba a hana mace tsayawa saboda ita mace ce. An rubuta "beli kyauta ne" a bangon ofishin, amma mutane sun fi gaskata mai benci. Haka "kuɗin takarda", "kuɗin biro", "kuɗin mai": duk kuɗin da ba a ba ka rasit na gwamnati a kansa ba, sunansa ɗaya. Ka kuma sani dokar hukumar yaƙi da cin hanci, ICPC, ta 2000 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga mai karɓa, ta tanadi irinsa ga mai bayarwa. Ban faɗa don in tsorata ka ba, wanda aka matsa wa ya kai ƙara daban yake da wanda ya saya wa kansa alfarma.

Abin yi yanzu: rubuta rana da lokaci, sunan ɗan sandan da lambar aikinsa da ke ƙirjin rigarsa, nawa aka nema, nawa aka bayar, a gaban wa. Idan ta banki ko POS aka tura, ajiye shaidar, ita ce hujja mafi ƙarfi. Kai koke a rubuce ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiharku, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Ka aika wa sashen karɓar ƙorafi na rundunar, CRU, da aka kafa a 2015, ka nemi lambar ƙorafinka. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ita ke da ikon ladabtarwa har kora. Koke na baki shi ne ke mutuwa a hanya.

Game da hana abin baki ɗaya, korar kurtu ɗaya ba ta isa ba, don sau da yawa kuɗin hawa sama yake yi. Dole hukunci ya shafi DPO ɗin da abin ya faru a ƙarƙashinsa. Dole kuma a ba caji ofis kuɗin mai da takarda a kan lokaci, a toshe uzurin da ake fakewa da shi. Sannan sashe na 34 na dokar 2015 ya wajabta wa majistare ya ziyarci wuraren tsare mutane aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kamu, ya ba da beli nan take inda ya dace. Wannan shi ne ke karya kasuwar, domin tsarewa ita ce hajar da ake sayarwa. Ku tambayi reshen ƙungiyar lauyoyi na garinku yaushe aka yi wannan ziyara ta ƙarshe a ofishin da aka tsare ƙanenka, ku sa amsar a cikin koken.