Mahaifina ya ƙi shan mofin amma yana shan jiƙo: ina hukuncin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina yana fama da ciwon daji da ya shiga ƙashi. Da daddare sai ya damƙe gefen gado yana gumi, amma ya ƙi shan mofin, maganin rage zafin ciwo da likita ya rubuta masa, wai an gaya masa daga tsiron ƙwaya ake yin sa, shi kuwa ba zai gamu da Allah da kayan maye a cikinsa ba. A gefe guda yana shan wani jiƙo na saiwoyi da ganyaye wanda ba mu san abin da ke cikinsa ba, yana cewa abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Tsoron Allah ne ya sa shi haƙuri da wannan azaba, don haka ki je masa da maganar nan cikin ladabi.

Abu biyun nan, da wanda ya ƙi da wanda yake sha, duk daga tsiro suka fito. Mofin daga tsiron da Larabawa ke kira khashkhash ake samun sa. Ana tsaga ƙwallon 'ya'yansa tun yana ɗanye, wani farin ƙaro kamar madara ya tsattsafo, ya kwana ya koma ruwan ƙasa, da safe a kankare shi. Wannan shi ne afyun. A farkon ƙarni na 19 wani Bajamushe mai haɗa magunguna, Friedrich Sertürner, ya ware sinadarin mofin daga cikinsa, daga nan aka iya auna shi daidai. Ashe kenan fitowa daga ƙasa ba ta halatta abu, ba ta kuma haramta shi. Asali dai halacci ne, saboda faɗin Allah a Suratul Baƙara, aya ta 29, cewa Shi ne Ya halitta muku abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya. Abin da ke fitar da abu daga wannan asalin shi ne aikin da yake yi a hankali da jiki, da gwargwadon da aka sha, da dalilin shan.

Hujjar da Baba zai iya riƙewa ita ce hadisin Muslim, inda Ɗariƙ bin Suwaid ya tambayi Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam game da giya don magani, ya ce masa ba magani ba ce, cuta ce. Hadisin ingantacce ne, amma a kan giya yake. Imam al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya yi wani rabe-rabe a littafinsa al-Furuƙ wanda yake warware wannan ƙulli. Ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: muskir, wanda ke gusar da hankali tare da nishaɗi da annashuwa, kamar giya, mufsid, mai rikita hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, da murƙid, mai kashe ji da gani har mutum ya kwanta. Na farkon ne kaɗai najasa, shi ake yi wa haddi, shi ne kuma kaɗan ɗinsa da mai yawansa duk haramun. Sauran biyun masu tsarki ne, abin da aka hana daga cikinsu shi ne gwargwadon da zai taɓa hankali. Ya ma ambaci afyun da sunansa a wannan babin. Haka kuma malamai sun halatta a gusar da hankalin majinyaci gaba ɗaya idan za a yi masa tiyata, saboda lalura.

Mofin yana zama ne a wasu gurabe a ƙwaƙwalwa da laka, ya rage saƙon zafin da jijiyoyi ke kaiwa. Likita yana farawa da kaɗan, yana ƙarawa daidai da zafin, burinsa majinyaci ya huta alhali yana cikin hayyacinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a iya rabuwa da su. Don haka ya halatta Baba ya sha shi a hannun likita, babu zunubi, bakinsa da tufafinsa masu tsarki ne, sallarsa ta yi. Ni ina ganin shan ma ya fi masa, domin wanda zafi ya hana shi barci da wuya ya samu natsuwar zikiri. Sharaɗin shi ne kada a ƙara ko ƙwaya ɗaya bisa ra'ayin gida, domin idan ya yi yawa numfashi yake dannewa. A kuma kulle shi inda hannun yara ba zai kai ba. Wanda ya sha don jin daɗi kuwa ya aikata haramun, babu ja a wannan.

Jiƙon ne ya fi tayar min da hankali. Tsiro yana ƙera sinadarai ne don kare kansa daga ƙwari da dabbobi, shi ya sa da yawansu suke da ɗaci, kuma ƙarfin da ke warkarwa shi ne yake illatawa. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka sa wa tsiron Aristolochia bisa kuskure, wasunsu daga baya suka kamu da ciwon daji na hanyar fitsari. Akwai kuma wani ganye, Hypericum, wanda ke zaburar da hanta ta riƙa narkar da magunguna da sauri, har wasu magungunan ciwon daji su rasa ƙarfinsu a jini. Wani ganyen kuma mai sa barci ne, idan ya haɗu da mofin sai su taru su danne numfashi. Ko habbatus sauda da hadisi a Bukhari da Muslim ya ce waraka ce ga kowace cuta, Ibn Hajar ya kawo maganar al-Khaɗɗabi cewa lafazin "kowace cuta" gamamme ne da ake nufin keɓantacce da shi, balle saiwar da ba a san sunanta ba.

Ban ce maganin itatuwa haramun ne ba. Amma shan abin da ba a san shi ba, ga mutumin da hantarsa da ƙodarsa suke ɗauke da nauyin wasu magunguna, ya shiga ƙarƙashin hadisin "la darara wa la dirar", babu cuta babu cutarwa. Idan likita ya tabbatar yana cutar da shi, ci gaba da sha haramun ne. Shi kuma mai haɗa jiƙon ya sani, Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ne mai lamuni, wato shi zai ɗauki alhakin ɓarnar da ta auku.

Ku dakatar da jiƙon tukuna. Ku tambayi mai haɗa shi sunan kowane itace da ya sa, ku ɗauki robar da busassun saiwoyin ku kai wa likitan Baba, ku gaya masa sau nawa yake sha a rana da kuma tun yaushe ya fara. Idan mai maganin ya ƙi faɗin abin da ke ciki, to kada Baba ya sake sha.

Allah ne Mafi sani.