Kafin ka sa wa ƙarfe wuta, ka san abin da ke cikinsa

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake hana ku yanka duro ko tanki da giranda alhali kuna ganin babu komai a ciki, ka kuma ce kana so ka san yadda ake rarrabe abin da za a yanka da wanda za a bari, tunda a idon sabon shiga duk tsohon ƙarfe ɗaya ne. Zan amsa maka da ɗan tsawo, domin da yawa daga cikin munanan haɗurran wannan sana'a, ko ga ɗan gwangwan mai tara kaya ko ga mai ƙera abubuwa don sha'awa, suna faruwa ne a lokacin da mutum ya kai wuta ko tartsatsi kan abin da bai san cikinsa ba.

Duron da aka juye man da ke cikinsa ya fi cikakken duro haɗari. Abin da ke fashewa shi ne tururin fetur idan ya gauraya da iska, kuma gaurayen yana kama wuta ne idan tururin ya kai kimanin kashi 1 da rabi zuwa kusan kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ciki. A duro mai cin lita 200, ragowar fetur da ba ta wuce cokali biyu ba ta isa ta kai wannan adadin. Da zarar faifan giranda ya huda jikin duron, tartsatsi zai faɗa ciki, murfin kuma zai tashi ya doki duk wanda ya sunkuya a kansa. Kada ka ce ai dizal ne ko baƙin mai aka zuba, waɗanda ba sa saurin kamawa, domin zafin yankan da kansa yana mayar da abin da ya maƙale a lungunan haɗin duron ya zama tururi. Ɗauraya da ruwan sanyi ma ba ta fitar da shi. Idan ka tabbatar da abin da aka taɓa zubawa a ciki, kuma yankan ya zama dole, to ka cire dukkan murafe, ka wanke shi da ruwan zafi da sabulu, ka cika shi da ruwa har zuwa dab da layin da za ka yanka, ka bar bakinsa a buɗe, sannan ka fifita yankan da ba ya kawo zafi, kamar na almakashin ƙarfe. Idan kuwa takardar jikinsa ta goge, babu wanda ya san me ya ɗauka, to a bar shi yadda yake.

Tukunyar gas kuwa ba ma yanka ta a wurin aikina ko ta halin ƙaƙa, ko da an buɗe bawul an ji shiru, domin bawul yakan toshe, kuma gas ɗin girki ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan tukunya. Tukunyar asitilin ta masu walda ta fi muni, saboda cikinta cike yake da wani abu mai ƙananan ramuka da aka jiƙa da sinadarin asiton, wanda ke ci gaba da sakin gas ko bayan an ɗauka ya ƙare. Irin waɗannan ana mayar da su ne ga masu harkar gas. Haka za ka ɗauki duk wani abu da aka rufe ruf: shokozoba, tukunyar kashe gobara, jakar iskar sitiyarin mota da ba ta fashe ba, kwampireson firji, har ma da bututun da aka toshe bakinsa biyu, wanda iskar cikinsa ko ɗan ruwan da ya rage zai kumbura idan ya ji zafi. Abin da ya yi kama da harsashi, gurneti ko kan roka, komai tsatsarsa, ba a ɗaga shi, ba a ƙwanƙwasa shi don a ji ko tagulla ne. Ana matsawa nesa a sanar da jami'an tsaro.

Akwai kuma haɗarin da ba ya wari, ba ya ƙara, kuma ina so ka riƙe labarinsa. A watan Satumba na shekarar 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, wasu mutum biyu sun shiga wani asibitin da aka daina amfani da shi, suka ɗauko wani ɓangare na injin gashin cutar daji, suka fasa shi, suka sayar wa mai wurin sayen tsofaffin ƙarafa. A cikinsa akwai garin sesiyom-137, wani sinadari mai fitar da radiyeshin, wato haskoki masu kisa da ido ba ya gani, garin kuma yana ƙyalli shuɗi a cikin duhu. Mai wurin ya yi sha'awarsa, ya kai gida, ya rarraba wa 'yan uwa da abokai. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da matarsa da wata yarinya 'yar shekara 6, an gwada mutane kimanin 112,000, aka samu 249 da gubar ta taɓa, sai da aka rushe gidaje. Makamancin haka ya sake faruwa a ƙasar Tailan a 2000, inda mutum uku suka rasu, sannan a kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Mayapuri a Delhi ta Indiya a 2010, duka biyun da kobalt-60, wani sinadarin mai irin wannan guba. Saboda haka idan ka ga wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi fiye da girmansa, lulluɓe da dalma, ko mai ɗauke da alamar fukafukai uku kamar na fanka a kan launin rawaya, ko wanda ya fito daga asibiti, ɗakin bincike ko kamfanin gwajin bututu, kada darajar dalmar ta ruɗe ka. Ka nisance shi, ka hana kowa kusantarsa, a kira hukuma.

Game da rarrabe ƙarafa, kayan da nake so su kasance a aljihunka koyaushe guda biyu ne, maganaɗisu da magagari. Maganaɗisu yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama jan ƙarfe, tagulla, alminiyom ko dalma, kuma mafi yawan ƙarfe marar tsatsa irin na tukwane da kwanon wanke-wanke ba ya kamuwa sosai. Abin da maganaɗisu ya ƙi, sai ka goga masa magagari ka ga launin cikinsa: ja na jan ƙarfe ne, rawaya na tagulla ne, fari kuma sai ka auna shi a hannu. Nauyin alminiyom kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin baƙin ƙarfe mai girmansa, dalma kuwa ta fi baƙin ƙarfe nauyi, kuma tana da taushin da farce ke iya yi mata zane. Ka kula da wayar da aka shafa wa jan ƙarfe a baya alhali cikinta alminiyom ne, magagari ne kaɗai zai tona ta. Ga mai ƙira kuma, tartsatsi yana faɗin irin ƙarfen: mai taushi yana fitar da dogayen layuka masu ƙarancin rassa, mai tauri irin na sifirin ɗin mota ko tsohon magagari yana fitar da tartsatsi mai fashewa da rassa masu yawa, kuma shi ne ya dace da wuƙa ko kurfi. Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne magnesiyom, da ake samu a wasu sassan injuna da ƙafafun mota. Yana kama da alminiyom amma ya fi shi rashin nauyi, garinsa yana kamawa da farin haske mai tsanani, ruwa kuma ƙara masa ƙarfi yake yi, sai busasshen yashi.

Hayaƙi ma yana da nasa haɗarin, kuma ina ganin matasa suna raina shi saboda ba ya zubar da jini. Kwano da bututun da aka shafa wa tutiya, idan ka yi masu walda, suna fitar da farin hayaƙi da ke kawo zazzaɓi, rawar ɗari da ciwon jiki bayan 'yan sa'o'i. Shafen kadmiyom, da ake samu a kan wasu tsofaffin kusoshi da notuna, ya fi haka muni, yana iya lalata huhu har ya yi kisa. Dalma, ko ta tsohon fenti ko ta batir, tana taruwa a jiki a hankali, tana kuma cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara, shi ya sa ba na yarda a ci abinci ba a wanke hannu ba, ko a tafi gida da tufafin aiki. Batirin mota ba a fasa shi, a sayar da shi yadda yake da ruwansa, kuma batirin waya ko na kwamfuta idan aka huda shi yana kama wuta. Ƙona waya don a cire robarta kuwa asara ce biyu, domin hayaƙin robar guba ne, jan ƙarfen da ya ƙone kuma darajarsa tana raguwa a kan sikeli. Ka kafa wuƙa a jikin katako ka ja wayar ta kai, ka fere ta.

Idan ka fara narka alminiyom, wanda ke narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salsiyos, babban abokin gabarka danshi ne. Ruwa idan ya zama tururi yana faɗaɗa kusan sau 1,700, don haka ɗigon da ya ɓuya a cikin gwangwani ko a jikin ludayin zuba ya isa ya watso maka narkakken ƙarfe a fuska. Ka gasa duk abin da za ka jefa a tukunya, da ludayin, da mazubin, har sai sun bushe sarai, kuma ka yi zubi a kan busasshen yashi, domin siminti yana riƙe danshi kuma yana tarwatsewa idan narkakken ƙarfe ya zubo masa.

Ita kanta girandar da kake ɗokin riƙewa, ƙaramarta mai faifan milimita 115 tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Kada ka cire murfin kariyarta don ka saka faifan da ya fi ta girma, domin kowane faifai yana da iyakar gudun da aka rubuta a jikinsa, babban faifai a kan ƙaramin inji yana wuce iyakarsa ya tarwatse. Siririn faifan yanka ba a gurza da gefensa, wanda ya faɗi ƙasa ko ya tsage kuma a yar da shi. Ka ɗaure abin da za ka yanka, ka riƙe injin da hannu biyu, ka kauce wa saitin faifan, ka zare filogi kafin ka canza shi. Tabarau na kariya dole ne ko da yankan na daƙiƙa biyar ne, tufafi kuma na auduga, domin na roba yana narkewa ya manne da fata. Safar hannu ta fata tana da amfani wajen ɗaukar kaya masu kaifi da wajen walda, amma ka cire ta idan za ka yi aiki da injin huji na tsaye ko injin juya ƙarfe, saboda idan ya kama safar zai ja hannun gaba ɗaya.

Yanka da sokewa kuwa ba za ka rabu da su ba a wannan aiki, don haka ka sa takalmi mai kaurin ƙasa, ka kuma je a yi maka allurar rigakafin tetanus, a riƙa sabunta ta duk bayan shekara 10. Ƙwayar cutar tana zaune ne a cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, tsohon ƙusa kuma shi ke kai ta can cikin nama inda iska ba ta shiga. Idan ƙusa ta soke ka, ka wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, kada ka zuba masa baƙin mai ko ruwan batir, ka kuma je asibiti a ranar.