Kafin ki zuba rabin jarinki a tsofaffin tangaran da gilashi

Wata 'yar kasuwa ce ta turo min tambaya, tace ita kayan kicin da na adon falo take sayarwa, to sai ta haɗu da wani a intanet yana tallan kwali guda na tsofaffin kayan gilashi wai 'yan Murano ne, haɗe da wasu kwanonin tangaran aikin hannu, yace in ta kwashe duka zai yi mata ragi, kuma an faɗa mata irin kayan nan kuɗinsu ninkawa yake. Tana so ta cire rabin jarinta ta saya, shin akwai riba?

Hajiya akwai riba a harkar, amma rabin jari kam a'a, ban ba ki shawara ba. Kayan da kika saba sayarwa suna juyawa, yau ki sari kofuna gobe sun fita kin sake saro wasu, shi kuwa tsohon kaya sai ya yi shekara a kan kanta yana jiran mutum ɗaya tak da ya san darajarsa, kuma duk tsawon lokacin nan kuɗinki a ɗaure suke, ga haya ga tsoron fashewa. A wannan sana'ar ranar saye ake cin riba ko a faɗi, wanda ya fi sanin kayan tsakanin ke da mai sayarwa shi ke tafiya da kuɗin, kuma a yanzu dai gaskiya shi ya fi ki sani.

Mu fara da Murano ɗin. Tsibiri ne kusa da Benis a Italiya, tun 1291 aka mayar da masu hura gilashi can, har yau kuma suna aiki, wato kalmar Murano ita kaɗai ba ta nufin abu tsoho ne, balle kuma kasuwa cike take da kwaikwayonsa. A 1994 hukumar yankin ta fito da tambari na musamman, Vetro Artistico Murano, saboda yawan jabu. Tsofaffin kayan kuwa yawanci 'yar sitika ce ake manna musu, ita kuma sitika kin san kowa zai iya bugawa ya liƙa. Saboda haka ki juya abin ki duba gindinsa. Gilashin da aka hura yakan bar tabo a ƙasa inda aka ɓalle shi daga sandar ƙarfe, wani a bar shi da kaushi wani a goge shi ya yi sumul, in kuwa kin ga siririn layi ya taso daga ƙasa zuwa sama ta gefe biyu to a mazubi aka zuba shi. Sannan karcen da ke gindin, na shekaru a warwatse yake ta ko'ina, wanda aka yi da sanfefa don a yaudare ki duk gefe ɗaya yake kallo.

Ko sa hannu ma ba a sakin jiki da shi. Kayan gilashin kamfanin Lalique na Faransa da aka yi René Lalique yana raye ana rubuta musu R. Lalique, bayan rasuwarsa a 1945 aka cire R ɗin, to 'yan damfara sai su samu na baya su ƙara harafin da ɗan inji, harafi ɗaya kawai amma kuɗin ya tashi sosai.

Tangaran ni ya fi min daɗin dubawa wallahi, don shi yana magana. Ki ɗora kwanon a tafin hannu ki ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce, lafiyayye zai yi ƙara mai zaƙi ta ɗan ja, mai ɓoyayyar tsaga sai ki ji tuf kamar kin bugi katako. Ki sayi 'yar tocilan nan mai hasken UV, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, ki haska a ɗaki mai duhu, wurin da aka liƙe aka shafe da fenti yakan fito da wani launi daban. Masu aikin hannu kuma suna danna hatiminsu a jikin yumɓun tun yana ɗanye, Lucie Rie da ta bar Biyana ta koma Landan a 1938 tana sa LR, Ladi Kwali tana sa LK, gidan tukwanen da Bernard Leach da Shoji Hamada suka kafa a garin St Ives na Ingila a 1920 shi ma da nasa hatimin. Irin waɗannan sunaye ba kasafai ake tsintarsu a cikin kwalin kwashi-duka ba, in ma wani yace miki ga shi da araha to tambayi kanki me ya hana shi kai wa manyan gidajen gwanjo. Wasu rubuce-rubucen kuma lokaci suke faɗa miki, abin da aka rubuta wa West Germany, wato Jamus ta Yamma, kin san tsakanin 1949 da 1990 aka yi shi, kenan tsohon yayi ne mai kyau amma bai kai shekara 100 ɗin da 'yan harkar ke so kafin su kira abu kayan tarihi ba.

Sai lissafi, wanda nan ne mutane ke faɗuwa. Farashin da kike gani a intanet abin da mai kaya ya nema ne, ki nemi abin da aka sayar da irinsa a zahiri. A gwanjo mai saye yana biyan ƙarin kaso a kan farashin da aka buga guduma, manyan gidaje irin Christie's kan kai kashi 25 cikin 100 ko fiye, mai sayarwa ma ana cire masa nasa. Ki ƙara kuɗin dako, inshora, kwastan, da abin da zai fashe a hanya, don gilashi ne fa. Duk abin da ke da hauren giwa ko wanda aka tono daga ƙasa kada ma ki taɓa, wannan maganar doka ce.

Da ni ce ke, ɗan abin da in ya ɓace ba zai girgiza shagon ba zan ware, in zaɓi layi ɗaya kawai, misali tulunan furen West Germany ɗin nan tunda dama masu adon falo ne kwastomominki, in sayi uku ko huɗu in ga wata nawa za su yi kafin su fita, ina rubuta komai. Shi kuma mai kwalin ki ce ya turo hoton gindin kowane ɗaya a cikin haske, ya faɗi inda ya samo su, ya yarda a rubuce cewa za ki mayar in ba yadda ya faɗa ba ne. In ya fara cewa akwai wani yana jira ki yi sauri, ki bar wa wanin.