Me Ya Kamata Jaridar Ɗalibai Ta Riƙa Bugawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku, an danƙa mini ragamar jaridar ɗalibai ta jami'armu. Mu takwas ne, muna fitowa sau ɗaya duk mako biyu. Damuwata ita ce ba a karanta mu. Jawabin shugaban jami'a da waƙoƙi su ke cika mana shafuka. Me ya kamata mu riƙa kawowa, kuma ta yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ai amsar tana cikin tambayar taki. Jawabin shugaban jami'a akwai ofishin da aikinsa ke nan ya yaɗa shi, kuma kafin ku buga ya riga ya zaga wayar kowa. Abin da ba shi da mai rubutawa sai ku shi ne yadda ɗalibi ke wuni: ƙarfe nawa ya tashi bin layin ruwa, ya samu kujera a ɗakin lakca ko a tsaye ya yi awa biyu, sakamakon jarabawar zangon da ya wuce ya fito ko har yau ana cewa a ƙara haƙuri. Nan ce gonarku.

Ki fara da rabon aiki, kowa da fagensa na dindindin. Mutum biyu su riƙe ɗakunan kwana, wato ruwa, wuta, bandaki da tsaro. Biyu su riƙe harkar karatu: rajista, jadawalin lakca, sakamako, laburare. Ɗaya ya bi ƙungiyar ɗalibai da kuɗinta, ɗaya asibitin jami'a da sufuri, ɗaya wasanni da ƙungiyoyi. Ke kuma ki tsaya a kan tacewa. Amfanin wannan shi ne, wanda ya yi wata uku yana leƙa wuri ɗaya zai san mai gadi da mai gyaran famfo da sakatariyar sashe, kuma galibi su ke fara sanin abin da ya lalace.

Sannan ki buɗe kalandar zangon karatu, domin labarai da yawa kan zo a lokacinsu. Makon rajista yana zuwa da cunkoso da shafin intanet da ke ƙin buɗewa. Makon rabon ɗakuna yana zuwa da ƙorafin waɗanda suka biya ba su samu gado ba. Mako biyu kafin jarabawa, tambayar ita ce ko laburare na ƙara lokacin rufewa, da kuma ko akwai kwas biyu da aka sa a rana ɗaya, sa'a ɗaya. Ki tura wakili kafin abin ya faru.

Inda jaridun ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne mayar da ƙorafi labari. "Ɗalibai na shan wahalar ruwa" ba labari ba ne, kowa ya sani. Wakilinki ya je da littafi da biro, ya ƙirga famfunan da ke ginin ɗakunan kwana, ya ƙirga waɗanda ke kawo ruwa a cikinsu, ya nemi adadin masu kwana a ciki, ya koma a lokaci guda kwana bakwai a jere yana rubuta abin da ya gani. Ya tsaya da agogo ya auna mintunan da mutum ke yi a layi. Ya yi magana da aƙalla mutum biyar daga hawa daban-daban, kada duk su zama abokansa. Daga nan sai ya nufi sashen ayyuka da tambaya takamaimai: injin ne ya ƙone, bututu ne ya fashe, ko mai ne babu? Yaushe aka kai rahoto, yaushe za a gyara? Idan an ba da rana, ki rubuta ta a bangon ofishinku, ranar ta cika ku koma ku duba. Wannan bibiyar ce ke sa hukuma ta fara ɗaukar wayarku, ɗalibai kuma su fara neman fitowa ta gaba.

Duk wanda labari ya ambata da laifi, a ji ta bakinsa kafin bugawa. Ku aika masa tambayoyin a rubuce, ku ba shi wa'adi, misali awa 48, ku ajiye shaidar aikawa. Idan ya yi shiru, ku rubuta cewa an tuntuɓe shi ranar kaza bai amsa ba.

Zargin cin zarafi ko sayar da maki yana bukatar taka-tsantsan fiye da komai. Ɗalibar da ta kawo ƙara tana tsoron wanda makinta ke hannunsa, don haka sakaya sunanta wajibi ne, har da duk abin da zai iya tona ta, kamar sashe da aji idan 'yan ajin ba su da yawa. Amma ke edita dole ki san ko wace ce, ki ga saƙonni ko takardu da idonki, ki samu majiya ta biyu da ba ta da alaƙa da ta farko. Kada ki buga sunan wanda ake zargi bisa maganar mutum ɗaya, domin ɓata suna laifi ne a gaban kotu, kuma zama ɗalibi ba kariya ba ne. Irin wannan labarin ki nuna wa mai ilimin shari'a tukuna.

Kada kuma ki raina abin da ɗalibai za su iya. A ƙarshen 2022 jaridar ɗaliban Jami'ar Stanford da ke Amurka ta fara buga rahotanni kan kurakuran hotuna a wasu takardun bincike masu ɗauke da sunan shugaban jami'ar, Marc Tessier-Lavigne. A watan Yulin 2023 ya sanar da murabus, ko da yake kwamitin bincike bai same shi da ƙirƙirar bayanan da kansa ba. Takardu ne suka riƙe wannan aikin, ba jita-jita ba.

Waƙoƙi da ra'ayi ku bar musu shafi ɗaya, a rubuta "Ra'ayi" a samansa ƙarara. Idan kun yi kuskure, ku gyara a fitowa ta gaba, a wuri guda da mai karatu ya saba gani.

Batun kuɗi kuwa, idan jami'a ko ƙungiyar ɗalibai ke biyan bugu, ki nemi yarjejeniya a rubuce cewa ba za a duba labari kafin ya fita ba. Sannan tun yanzu ki ɗauko mutum biyu 'yan aji ɗaya ki haɗa su da manyan wakilai, ki buɗe kundi guda da za a riƙa adana lambobin majiyoyi, kalmomin sirrin shafukanku da jerin alkawuran da hukuma ta ɗauka ba ta cika ba, domin wanda zai gaje ki ya ɗora daga inda kika tsaya.